Wasa Bakwai da Kwanakin Inna Goma Sha Huɗu

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a mirkaz ɗin Usman ba, wato bencinan nan na ƙofar shagonsa a Nuzla inda muke taruwa bayan la'asar. Da na zauna sai a fara: yaya ƙasar Cek, yaya sanyi, da gaske ne karnuka na shiga bas, wannan gemun kuma na mene ne? Na gaji. Zan faɗa sau ɗaya a rubuce, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa waya ya karanta da kansa. Kuma ina gaya muku tun yanzu ba labarin daɗi ba ne, don har yau raina a ɓace yake.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sanusi, mutumin Haɗeja. Shekarata goma sha tara a Jidda a gidan mutum ɗaya, Ammi Siraj. Da farko direbansa ne ni. Shekara shida da suka wuce shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya. Sai na bar sitiyari, na koma ni ne wankansa, ni ne cinsa, ni ne mai ɗaga shi daga gado zuwa keke. Ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai ni, har 'ya'yan cikinsa. Shi ya sa rabona da gida shekara goma sha ɗaya, da farko matsalar iƙama, wato takardar zama, daga baya jinya.

Abu na biyu da ya kamata ku sani, a mirkaz ana kirana Muhallil, mai sharhin ƙwallo. In na ce ƙungiya kaza za ta ci, yawanci haka ake yi. Na daɗe ina jin daɗin sunan nan, kuma shi ne ya kai ni ya baro.

Bana ƙanena ya shirya wa Inna umara. Kwana goma sha huɗu: biyar a Madina, sauran a Makka, sannan ta tashi daga Jidda. Idonta ya yi rauni, tafiya ma sai da sanda, duk mun san ba zuwa biyu za ta yi ba. A daidai lokacin ne Majid, babban ɗan Ammi, wanda shi ne kafilina, mai ɗaukar nauyin zamana, a takarda yanzu, ya tsara kai ubansa wani ƙaramin gari a Cek, mai ruwan zafi, inda ake gasa wa masu irin ciwonsa jiki. Mako uku. Na ƙirga da yatsu na ga za mu gama ranar da Inna za ta sauka a Madina. Na ce madalla, na ce wa matata Hajara ta tanadi ɗaki.

Mun tashi daga Jidda mu uku, muka canza jirgi a Istanbul, muka sauka a babban birninsu. Jami'in shige da fice ya buga wa Majid da Ammi hatimi ko fuskarsu bai kalla sosai ba. Da ya ga fasfon Najeriya sai ya gyara zama. Ya juya iƙamata gaba da baya, ya karanta bizar fita da dawowa kamar yana jin Larabci, ya kira wani, wancan ya kira wata. Na fi rabin awa a tsaye. Wanda ya cece ni Ammi ne. Can gefe ya fara dukan hannun keke da hannunsa mai lafiya yana cewa, “Sanusi. Hammam.” Majid ya yi musu bayanin cewa dattijon banɗaki yake so, kuma duk duniya mutum ɗaya ne zai kai shi. Nan take hatimi ya sauka.

Daga nan awa biyu a mota, itatuwa duk tsirara, sanyi kuwa irin wanda ke shiga haƙori. Mun sauka a benen wata tsohuwa kusa da wurin gashin. Larabawa sun daɗe suna haya a wajenta, amma kalma ɗaya ta koya a Larabci, mai nufin an hana: mamnu'. Takalmi a ɗaki mamnu'. Buɗe taga mamnu'. Shara kanta gida huɗu ake raba ta, kuma takan buɗe leda ta duba. Juma'ar farko na kunna wa Ammi turaren wuta kamar yadda muka saba a gida. Wani ɗan farin abu a silin ya ɗauki kururuwa, kafin in gane inda ake kashe shi motar 'yan kwana-kwana ta iso, ƙarti huɗu suka hau bene suka same ni riƙe da kasko. Tsohuwa ta nuna kaskon, ta faɗi kalmarta.

Abinci kuwa Allah ya sani na yi haƙuri. Akwai wani burodi da suke turarawa, fari fat, ba ɓawo, a yanka shi fale-fale a zuba masa romo, gefe kuma kabeji mai tsami kamar an manta da shi a tukunya mako guda. Ruwan maganin da ake ba marasa lafiya a wani kofi mai hanci suke zuƙarsa, na ɗanɗana sau ɗaya na ji kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa. Sai da na gano shagon wani mutumin Sham mai kajin halal sannan muka dawo mutane. Kullum da safe ina tuna ful da tamis, waken nan da gurasa, na bakin titinmu. Mutanen garin ba sa gaisuwa, a bas shiru kamar ana zaman makoki, kuma da gaske ne kare na shiga ya kwanta a ƙarƙashin kujera. Amma ba zan zalunce su ba. Ban taɓa isa bakin matakala da keken Ammi ba sai wani ya ajiye kayansa ya kama min, ba tare da ya ce uffan ba.

Mai yi wa Ammi gashi sunansa Tomash, wani ƙato mai faɗin ƙirji. Larabcinsa na bakin marasa lafiya ne: ɗaga, ƙara, sannu-sannu. A mako na uku na lura gemunsa ya tsiro buzu-buzu, haka na mai gadi, haka na direban bas. Na tambaye shi ta fassarar waya. Ya ce ƙungiyar garinsu ta hoki, wato ƙwallon gora da ake bugawa a kan ƙanƙara, ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kuma al'adarsu ba mai aski, 'yan wasa da magoya baya, sai ranar da aka fitar da su. Na yi dariya. A Jidda in mutum ya saki gemu cewa ake ya shiryu, a can kuwa ƙwallo ce. Tomash ya shafa haɓar Ammi ya ce shi ma ya bari. Ammi ya yi murmushi da rabin baki, ya nuna ni da yatsa, wai ni ma. Na ajiye reza don in faranta masa.

Ranar Juma'ar da muka gama gashi, ranar da Inna ta sauka a Madina, Tomash ya kai mu kallon wasan farko da yamma. Filin firji ne kawai aka yi wa kujeru. Masu keke a gaba ake ajiye su, jikin gilashi. Mutum shida-shida, takalmansu da wuƙa a ƙasa, suna gudu fiye da babur, suna bin wani baƙin abu kamar murfin gwangwanin madara. Na yi minti goma ban ga inda yake ba. A gabanmu wani ya maka wani da gilashi har keken Ammi ya girgiza. Biyu suka yar da gora suka hau dambe, alkalan wasa na tsaye suna kallo, da suka gaji aka kai kowanne wani ɗan akurki ya zauna 'yan mintoci ya dawo. A ƙwallonmu da sai jan kati da dakatarwa.

An lallasa 'yan garin, masu jajayen riguna, shida da ɗaya. Amma wannan ɗayan ita ce ta jawo komai. Da ta shiga raga filin ya ɗauka, sai na ga hannun Ammi na dama, wanda shekara shida nake ɗagawa kamar tsumma, ya tashi daga kan bargo kamar taƙi guda. Na gani, Tomash ya gani, Majid ya gani. Majid ya juya baya yana share ido.

Da muka koma masauki Majid ya kira ni gefe. Ya ce Tomash ya ce gobe ƙungiyoyin nan biyu za su sake karawa, kuma yana so uban ya zauna har a gama wannan zagayen, tunda abin ya motsa shi. Shi dole ya koma aiki da safe. Ya ce ya san maganar mahaifiyata, in ina so in bi shi, zai ɗauki ma'aikacin jinya daga wurin gashin ko da Ammi zai yi rigima. Gaskiya ita ce ya ba ni zaɓi, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona min rai.

Sai Muhallil ya buɗe baki. Na ce masa ai lissafin a fili yake. Karawa biyu ake yi, a haɗa ƙwallaye. Wanda aka zura wa shida ya rama ɗaya, sai ya ci biyar ba ko ɗaya kafin ma ya yi kunnen doki, kuma na ga mai tsaron ragarsu, ba zai iya tare ko kaza ba. Gobe za a fitar da su, jibi mu kama hanya, Inna ma ba ta bar Madina ba. Ko da na ji cewa a fili ɗaya za a sake bugawa, ban tsaya na tambayi dalili ba. Tomash na nan, waya na hannuna, tambaya ɗaya ce. Ban yi ba, saboda ni ake tambaya, ba ni ke tambaya ba. Na je na kama hannun Ammi na ce masa ba inda za ni sai an gama. Majid ya ce halas, ya tafi da safe.

Ranar Asabar aka sake cin jajaye, uku da biyu. Na miƙe ina naɗe bargo, na ce wa Tomash Allah ya ba da haƙuri, sai baɗi, ya je ya yi aski. Ya dube ni kamar na zare. Ya ɗauki waya ya rubuta, ya miƙo min. A wasansu ba a haɗa ƙwallaye. Ko ɗari aka ci ka yau, gobe daga sifiri ake farawa. Wanda ya fara cin wasa huɗu shi ya wuce, kuma abin na iya kaiwa wasa bakwai.

Bakwai! Wane irin mutane ne za su buga da abokin hamayya ɗaya sau bakwai? Ba su da aikin yi ne? Na kira Majid. Ya ce, “Ya Sanusi, inta da bakinka ka ce kwana biyu. Yanzu in bar shi da wa? Ka yi sabr, ai kai ka ce ba su iya ba.” Ya kashe waya yana cewa yana da taro.

Daga ranar na zama mutum ɗaya tilo a garin da ke roƙon Allah a ci ƙungiyar garin. Da gemuna irin nasu, da jan mayafin da Tomash ya rataya min a wuya, ina tura keke ana ɗaga min babban yatsa a titi, ni kuwa a sujada ina kai ƙarar mai tsaron ragarsu.

Wasa na uku a garin abokan hamayya aka yi ranar Talata, muka kalla a talabijin ɗin zauren wurin gashi. Aka sake cin jajaye. Uku ba ko ɗaya ke nan, saura ɗaya a sallame su. Kuna tsammanin na yi hankali? Na kira Hajara na ce ta gaya wa Inna gobe an gama, sallar Juma'a tare za mu yi a Harami. Na ma yi mata sharhi, na ce ƙungiyar da aka ci sau uku a jere zuciyarta ta mutu. Hajara ta ce, “Abban Maryam, wancan karon ma haka ka ce.” Na ce mata ba ta san ƙwallo ba.

Ranar Laraba suka sauya mai tsaron raga, suka sa wani siriri da ban taɓa gani ba, suka ci. Juma'a a gida suka sake ci, ina zaune jikin gilashi a lokacin da ya kamata in kasance ina riƙe da hannun Inna a ɗawafi. Lahadi suka ci nasu na uku, ya zama uku da uku. Garin ya haukace, har tsohuwar mamnu' ta manna jan ƙyalle a ƙofarta. Hajara da yara suka je Makka suka ga Inna, suka turo min hoto. Ta rame, ta ƙanƙance, tana kallon gefen da ba nan wayar take ba. Na yi magana da ita. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari, Babangida take ce min. Ta ce in kula da amanar da ke hannuna, ita tana nan. Da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi.

Za ku ce me ya hana ni gaya wa Ammi? Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. Tun da ya kwanta ba a kai masa labarin da zai tayar masa da hankali, kuma hannun nan kullum ƙara tashi yake. A wasa na biyar har ya damƙi gefen mayafinsa da yatsu uku. Ya fara haɗa kalma biyu. Ina jin haushin wasan, ina jin haushin Majid, ina jin haushin kaina fiye da kowa, amma in na dubi yatsun nan sai in fasa. Ga kuma kunya irin tamu: na kama hannunsa na yi alkawari.

Wasa na bakwai ranar Talata, jirgin Inna ranar Alhamis da la'asar. Na sake lissafi, na ce in mun tashi Laraba zan same ta a Makka ko da na yini ɗaya ne. Aka tashi biyu da biyu, aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci ya gama. Ban taɓa jin tsoro a kallon wasa irin na ranar ba, don na san in jajaye suka wuce, Majid zai ce a tsaya zagaye na gaba. Minti tara da shiga, baƙon ɗan wasa ya buga, abin ya daki ƙafar wani ya gangara raga. Filin ya yi tsit. A cikin shirun nan aka ji muryar mutum ɗaya ya ce alhamdu lillahi, kuma ni ne. Ammi ya juyo ya dube ni, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba.

Laraba muka kama hanya. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta ce batirin keken Ammi ba zai shiga jirgi ba sai an ga takardarsa, keken da muka zo da shi ta ƙofar nan ba wanda ya ce komai. Takardar tana jakar Majid a Jidda. Kafin ya ɗauki waya, kafin ya nemo, kafin ya turo hoto, jirginmu ya tashi. Aka sa mu a na yamma, muka rasa na Jidda a Istanbul, muka kwana a can. A jirgin Alhamis ne Ammi ya ga ina ta duba agogo ya ce, “Esh fik?” wato me ke damuna. Na gaya masa duka. Sai ya haɗa kalmomi mafi tsawo da na ji daga bakinsa cikin shekara shida: “Leish ma gult? Me ya sa ba ka faɗa ba? Uwa ce.”

Na gyara masa bargo.

Mun sauka Jidda bayan azahar. Na miƙa Ammi ga direban gidansu, shi da kansa yake tura ni da hannun hagu yana cewa yalla, yalla. Na tari tasi zuwa ɓangaren da masu umara ke tashi. Na tarar da Hajara a waje ita da yara, da wata jaka a gabanta. Tun hantsi aka shigar da ayarinsu Inna, sun wuce jawazat, wajen duba fasfo, ba mai fitowa, ba mai shiga. Na roƙi askarin ƙofa da duk Larabcin da na tara a shekara goma sha tara. Ya ce mamnu'. Na ƙetare teku na dawo, kalmar tana jirana.

Hajara ta kira shugaban ayarin ya kai wa Inna waya. Tsakanina da ita bai fi taku ɗari biyu ba, bango ne kawai.

Ta ce, “Babangida, kun sauka lafiya?”

Na ce lafiya lau, Inna, ki yafe min.

Ta ce ba komai, ta bar min kuka da daddawa a wajen Hajara, da hular da ta sa aka ɗinka min, in ba ta yi min daidai ba in ba wa yaro, don da ƙiyasin kaina na da ta sa aka yi. Na ji ana kiran jirgi a bayanta. Sannan ta ce, “An ce wasa kuka tsaya kallo. To wa ya ci?”

Ba da gatse ta tambaya ba. So take ta ji ko abin da ya riƙe ni ya yi kyau.

Na ce, “Waɗancan ne suka ci, Inna.”

Ta ce, “Ayya. To Allah ya ba maigidanka haƙuri.”

Wannan shi ne labarin Cek, ku da kuke son ji. Hular ta yi min kaɗan, amma ita ce kuke gani a kaina. Gemun kuma Tomash ya aske nasa tun washegarin wasan, Ammi ma na aske masa, nawa ne na ce ba reza sai na tsuguna a gaban Inna a Haɗeja. Ammi yanzu yana riƙe cokali da dama, kuma kullum Majid ya shigo sai ya nuna ni ya ce masa, “Ijaza,” wato a ba ni hutu. Majid ya ce zai duba bayan Hajji. Jiya Usman ya miƙo min shayi ya ce, “Ya Muhallil, esh ra'ayak, kana ganin Majid zai cika alkawari?” Na ajiye masa kofinsa na ce ya tambayi wani, ni na daina faɗin abin da zai faru.